Kawu Auta da Kiɗan da Ba Shi da Ubangida

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda Ya ba mu aron Kawu Auta shekaru masu yawa, ranar Talata da hantsi Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, kuma can muka nufa.

Kafin azahar zauren gidansa na Ƙanƙara ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Wani tsohon mahauci, wanda rumfarsa ke kallon shagon Kawu a zamanin da, ya zauna yana girgiza kai yana cewa, “Yau kunnen garin nan ya tafi.” Mata suka zo daga Tafoki a bayan mota, suna tambayar ina ne gidan mai na'ura. Wani dattijon Bafulatani ya iso daga wajen Sabuwa, ya yi gaisuwa, ya jingina sandarsa, ya zauna a gefe. Wani matashi da ya rako mahaifinsa ya tambaye ni a hankali ko mece ce sana'ar mamacin. Mai gyaran rediyo ne. Mai sayar da faifai ne. Amma matan Tafoki ba don rediyo suka hau bayan mota ba.

Kawu Auta ƙanen mahaifiyata ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Yayansu babba, Kawu Liman, yana nan da ransa, ido ya yi rauni amma hankali garau, kuma shi ya yi masa salla. Duk wanda ya taɓa bin Kawu Liman sallar gawa ya san al'adarsa: yakan juyo ya ce jama'a su yafe wa mamaci, a amsa an yafe, sannan ya dafa ƙirjinsa ya ce, “Ni ma na yafe.” Ran nan ya tambayi jama'a, jama'a suka amsa, ya juya ya ta da kabbara. Maza da yawa ba su lura ba. Hajiya, matar Kawu Auta, tana bayan katanga tana saurare, ita ta lura. Da yamma kuma babban ɗan mamacin ya ce shi a ganinsa bayan sadakar bakwai a fito da kaset da faifan da ke ɗakin mahaifinsa a ƙone, kada su zame masa nauyi a kabari, ya ce Kawu Liman ne zai yanke. To mutumin da bai ce ya yafe ba, kowa ya san yadda zai yanke.

Domin wanda bai san asalin maganar ba, sai na koma baya.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan ina sabon aure, ina juyar littattafai ga malamai. Abin da na fi tunawa da shekarun shi ne ƙara. Ƙarar babur, ƙarar injin niƙa, ƙarar masu buga kwano a kan gidajen da jiya jinka ce. Malamin makaranta in ya karɓi albashi ba ya isa gida sai da rikoda a kafaɗa. Kawu yana da ɗan shago a bakin kasuwa, ya koyi gyaran rediyo a Funtuwa. In aka kawo masa rediyo ba ya fara kwance ta. Sai ya ɗauke ta ya shinshina bayanta, ya tambayi mai ita, “Tun yaushe take jin jiki?” kamar an kawo masa jinjiri.

Duk ƙarshen wata yakan hau mota zuwa Kaduna ya dawo da sababbin faifai. Ranar da ya dawo, gaban shagon kamar gidan suna. Akwai na Sudan, akwai na Indiya, akwai na Kwango masu jita, akwai namu na gida. Yana da doka guda: ba ya sayar da faifan da bai saurara gaba da baya ba. Mai saye ko yana riƙe da kuɗinsa sai ya jira. Yakan ce, “Mai tuwo ma sai ta ɗanɗani miya.”

Wata rana ya dawo da wasu faifai da mai shagon Kaduna ya ba shi gyara, don sun daɗe a ƙasa ba mai tayawa. Ba hoton mutum a jikin kwalinsu, sai zanen sararin sama, wani kuma layuka ne kawai. Ya ɗora ɗaya ya sauke allura. Muka ji wani amo mai tsawo ya taso a hankali, kamar kudan zuma a cikin kogon itace, wani siriri ya hau kansa, suka yi ta tafiya tare ba ganga ba waƙa. Jama'a suka yi ta jiran a fara. Mahaucin nan, lokacin yana ji da ƙarfinsa, ya tsallako da wuƙa a hannu.

“Auta, garmahonka ba ta da lafiya. Nishi take yi.”

“Lafiyarta lau.”

“To yaushe za a fara?”

“An fara tun ɗazu.”

Wani ya ce allurar ce ta dushe. Wani ya ce faifan ya sha rana a kan mota. Kawu ya bayyana musu cewa na'ura ce ke yin wannan sautin da wutar lantarki, mutum ya zauna gabanta yana murɗa maɓallai. Mahaucin ya saurara kaɗan, sannan ya yi tambayar da ke cikin kowa.

“Na ji. Amma kiɗan wa ne? Mu kalangu namu ne. Maƙera na da dundufa, maharba na da garaya, manoma na da gangarsu. Wanga na wa? Wa ake yi ma kirari?”

“Ba kowa.”

“To mai yin shi wa yake roƙo? Mi zai ci?”

“Ba shi roƙon kowa. Shi ya sa nike son shi.”

“Kiɗa ba ubangida,” in ji mahauci, “ai maraya ne.” Ya koma rumfarsa ana dariya. Daga ranar aka sa wa faifan nan suna marayun Auta. In ya dawo daga Kaduna sai a ce, “An samo sabon maraya?” Sau da yawa kuwa an samo. Akwai wanda aka haɗa na'urar da gangar Indiya, akwai wanda aka sa mata sarewar wata ƙasa da bai san sunanta ba. Ba wanda ya taɓa saye. Da zafin azahar, in kasuwa ta lafa, yakan sa ɗaya ƙasa-ƙasa yana aikinsa, sai ka ga masu dako sun zo sun kwanta a inuwar shagon, su da suka fi kowa yi masa ba'a.

Ba zan ce Kawu waliyyi ne ba. Yana da taurin kai, in ya kafe a kan abu jaki ya fi shi sauƙin ja. Amma ban taɓa jin ladan ya buɗe baki na'ura na magana a shagonsa ba, yakan ɗage allura tun daga gyaran murya. Ranar Juma'a kuwa mayafi yake lulluɓa musu gaba ɗaya.

Abin da ya kawo matan Tafoki shi ne wannan. A shekarun nan samari sun watse, wasu soja, wasu Ikko, wasu aikin hanya. Iyayensu mata ba su karatu, kuma ba kowace magana ake son mai rubuta wasiƙa ya ji ba. Sai Kawu ya riƙa ɗaura rikoda a bayan kekensa yana bin ƙauyuka, tsohuwa ta yi maganarta a kaset a ba direba ya kai. Na raka shi sau ɗaya. Wata tsohuwa ta ce a jira ta, ta shiga ɗaki ta yi wanka, ta ɗauro sabon kallabi, ta zo ta zauna gaban rikoda ta gyara zama, ta fara da tambayar ɗanta gajiya, tana dakatawa don ya amsa. Jikokinta suka fara ƙyalƙyala. Kawu ya kashe rikodar, ya dube su ya ce, “Duk wanda haƙorinshi ya sake fitowa, shi bar gidan nan.” Ya juya gare ta. “Inna, ci gaba, yana jin ki.” Ya fita ya tsaya nesa har ta gama.

Sannu a hankali sai ya fara ɗaukar abin da ba wanda ya aike shi. Ya shiga dajin Sabuwa, wanda yanzu ba a shiga yadda muke shiga da, ya ajiye rikoda a gindin itace ya ɗauki kukan tsuntsaye. Ya ɗauki luguden mata a Tafoki. Da damina ya zauna cikin ɗakin jinka a Faskari ya ɗauki saukar ruwa. Na ce masa, “Kawu, ruwan sama kuma? Ai baɗi ma zai zo.”

Ya ce, “Zai zo, amma bisa kwano zai sauka. Ka ga kwanon nan da kowa ke bugawa? Ruwa zai canza murya, ba wanda zai tuna ta da.”

Daga nan ya ƙirƙiro wata dabara. Sai ya ɗauki garmaho mai batir ya kai daji ko gona, ya sa ɗaya daga marayun nan ƙasa-ƙasa, ya ajiye rikoda a tsakani, ta ɗauki kiɗan tare da duk abin da ke motsi a wurin. Bafulatanin da na ambata abokinsa ne tun lokacin, makiyayi ne mai busa sarewa. Ran farko da Kawu ya ce ya busa a kan faifan, ya riƙe sarewa a baki yana jira, ya jira, ya sauke.

“Kaɗo, wannan abu naka ba ya numfashi? Ta ina zan shiga?”

“Shiga ta ko'ina, Fillo. Gidan ba ƙofa.”

“Gidan da ba ƙofa ai kufai ne.”

Amma ya shiga. Ni dai ban san kiɗa ba, karatu aka sa ni, sai dai ran nan na ga shanu sun daina kiwo sun ɗago kai.

Abin da ya raba 'yan'uwan ya faru ne a Mabai, garin kakanninmu, da kaka. Kawu Liman lokacin shi ne ladan kuma na'ibi a can, Allah Ya ba shi murya. Kawu Auta ya kafa na'urorinsa a bayan gari da yamma, yana son ɗaukar dawowar shanu. Faifai na juyawa, Bafulatani na busa, sai garken ya karkata ya nufi inda aka jibge dammunan dawar wani maƙwabci. Su biyun suka zubar da komai suka ruga kora. Suna can suna fama magariba ta yi, Kawu Liman ya hau ya kira salla, iska kuwa daga masallaci take kaɗowa. Rikoda ta ɗauke kiran tas, da amon nan na na'ura yana tafiya a ƙarƙashinsa.

Kawu Auta ya saurari abin da rikodar ta ɗauka bayan ya koma gida. Ya san abin da ya kamata ya yi, bai yi ba. Ya jefa kaset ɗin cikin 'yan'uwansa, ga shi a lokacin ba ya rubuta komai a jikinsu. Wata ranar kasuwa ya gama gyaran rikodar wani, ya miƙa hannu ya ɗauko kaset don gwaji, ya buɗe murya har ƙarshe, ya juya yana neman sukudireba. Kafin ya kai hannu, rabin layin mahauta sun gane muryar. Kafin la'asar magana ta kai tashar mota: ladan ya yi faifai. Kafin mako, yara a Mabai suna tambayarsa yaushe sabon zai fito.

Ina shagon ranar da ya zo. Bai shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa, jama'a suka ja baya.

“Auta, kiran Allah ka ɗora bisa kiɗan Nasara?”

“Yaya, ba ni na ɗora ba. Shanu ne sunka nufi dawa, muka bar ta tana juyawa.”

“Goge shi.”

“Ka saurara tukuna, Yaya. Sau guda.”

“Ni in saurari wanga? Goge shi gabana.”

Kawu ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannunsa. Ya ce, “Ban taɓa jin muryarka ta yi kyau haka ba. Ba ni iyawa.”

Nan Kawu Liman ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka inda na'urar ƙanensa take ba. Da aka tambaye ni a lokacin, bayan Liman na bi, har yau kuma ban ce ya yi kuskure a hukunci ba. Kiran salla ba abin haɗawa da wani abu ba ne.

Ba su yi gaba irin ta ƙin gaisawa ba. Sun ci abincin salla tare, sun raɗa wa 'ya'yan juna suna, Liman ya ɗaura auren 'ya'yan Auta duka. Amma komai a zaure. Bayan wannan ne Kawu ya sa na rubuta wa kowane kaset suna da ajami, wancan kuwa ya ce in rubuta “Na Yaya”, ya sa shi a ƙasan akwati. Da kuɗin fetur suka ja baya, sababbin faifai suka daina zuwa, shago ya mutu, sai ya kwashe komai ya kai ɗakin kwanansa. Saboda haka ko a ciwon ajalinsa, Kawu Liman a bakin taga yake tsayawa, ya yi masa addu'a, ya tofa ta tsakanin ƙarafa. Kawu yakan ce daga kan gado, “Yaya, rana na dukanka.” Shi kuma ya ce, “Na saba.”

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba waina, babban ɗan ya shiga cikin gida zai fito da akwatunan. Hajiya tana takaba a ɗakin mamacin. Ta ce ko allura ba za ta fita ba, mai hukunci ya zo ya yi a inda kayan suke. Aka riƙo hannun Kawu Liman har tsakar gida, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ta yi magana daga bayan labule.

“Yaya Malam, ka tambayi gari, gari ya yafe. Naka ne ban ji ba.”

Ta ci gaba.

“Kwana ukun ƙarshe ƙofar nan yake kallo. Ko kaza ta gitta sai ya ɗaga kai.”

“Hajiya, rantsuwa na yi.”

“Ni ban yi karatu ba, amma wajenka na ji rantsuwa tana da kaffara. Ko an canza?”

Babban ɗan ya ce, “Inna, ki bar Baba Malam.” Kawu Liman ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya har na fara jin ƙafafuna sun gaji a madadinsa. Sannan ya dafa kafaɗata, ya zame takalmansa, ya sunkuya ya shiga. Ya laluba ya zauna a bakin gadon ƙanensa, ya shafa shimfiɗar da tafin hannu. Ya ce mini, “Kai ka rubuta mashi suna. Ɗauko kaset ɗin.”

Rikodar ta tsufa, sai da na danna sau biyu. Amon ya taso, sarewa ta shiga, can nesa shanu na kuka. Sai sarewar ta yanke, muka ji ihu da gudu suna nisa. Aka bar amon shi kaɗai, da kurciya, da wata mata tana kiran ɗanta, da tabarya. Mabai ce ta zamanin da, kamar ka leƙa ta taga. Sai kiran ya zo, muryar magidanci mai jini a jika, doguwa, ba gargada.

Babban ɗan ya kai hannu zai kashe, tsohon ya riƙe masa wuyan hannu. Na ga leɓunansa suna motsi. Amsa kiran yake yi, jimla bayan jimla, yadda aka umarci duk wanda ya ji ladan. Wajen ƙarshe muka ji takun gudu yana matsowa, da haki, da muryar Kawu daf da na'urar yana cewa, “Subhanallahi, Yaya na kira,” sai ƙarar allura da aka fizge, sai shiru.

Kawu Liman ya karanta addu'ar bayan kiran salla har ƙarshenta. Ya goge fuskarsa da hannun riga.

“Har yanzu ban ce daidai ne ba,” in ji shi.

Hajiya ta ce, “Ba wanda ya ce ka ce.”

“Sau guda ya roƙe ni.” Ya juya wajen matashin kai, ya dafa ƙirjinsa. “Auta, na yafe. Kai ma ka yafe mani.”

Daga nan ya koma liman. Ya ce wa babban ɗan kukan tsuntsu da saukar ruwa da gaisuwar tsofaffi ba su da laifin da za a ƙone su, dukiyar magada ce, a adana, wanda ya gane muryar uwarsa a ciki a ba shi. Faifan Kaduna kuwa, magada su yi shawara tsakaninsu. Wancan guda ɗaya ya ce ba ya shiga rabo, ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Da muka fito yana laluben takalmi da ƙafa, ya ce in aika gidansa a buɗe rumbu a auno hatsin ciyar da miskinai goma, a dafa a nan gidan, a ci a ƙofar wannan ɗaki.

Allah Ya jiƙan Kawu Auta, Ya yafe masa taurin kansa da namu, Ya yalwata masa makwanci. Ya yi rayuwarsa yana kasa kunne ga abin da mutane ke wucewa ba su ji ba. Allah Ya sa abin da zai fara ji a can sallamar mala'iku ce.